Sikelin Awon Nauyin Jiki na Kasuwar Kejetia ta Kumasi

Sikelin nan mai batir ya ci kuɗinsa, muddin kan siminti aka ɗora shi. Kan kafet ƙarya yake yi. A hau da safe bayan an zaga, kafin koko da ƙosai, a fitar da matsakaicin mako, domin gishirin waakye (shinkafa da wake) da shito (miyar barkono) kan ƙara kilo 1 na ruwa.

Mai kilo 90 da ya sauko 82 ya zubar da kusan kashi 9 cikin 100, hawan jini da sukari kan sassauta. In awon ya cije makonni, ga jiri da yunwa, a daina matsa wa ciki: a ƙara tuwo kaɗan-kaɗan, a riƙe 82 ɗin.

Aibin sikelin, bai san tumbi ba. A haɗa da tef ɗin tela, kada ƙugu ya wuce rabin tsawo.