Zafin mota a cunkoso daban, zafinta a babbar hanya daban

Wani ɗan'uwa a cikinmu ya yi tambaya: Corollarsa na ɗaukar zafi, bakanike ɗaya ya ce a canza lagireto, wani ya ce fanka ce, shi kuwa kuɗin gyara ɗaya gare shi. Wa zai bi?

Malam, kafin ka fitar da ko sisi, lura da lokacin da allurar zafin ke hawa. A tsaye ne ko a guje? Daga nan hanya ta rabu biyu.

Idan a cunkoso take yi, misali a 'Yankura da rana tsaka, amma da hanya ta buɗe allura ta koma mazauninta, to iska ce ba ta samu. Mota a guje iskar hanya ke fifita mata lagireto, a tsaye kuwa ba ta da kowa sai fanka. Gwajin ba wuya. Ɗaga bonet, ta da injin, kunna esi. A yawancin ƙananan motocin nan fanka za ta tashi nan take. In ta yi shiru, a duba fiyus da rile tukuna, sannan motar fankar kanta, wato ɗan injin lantarkin da ke juya ta. Wata sai an ƙwanƙwasa ta da gindin sukundireba take juyawa, tana yi kamar an tashe ta daga barci. Wannan ta gama yayi. Canza lagireto a nan asarar kuɗi ce.

Ɗayar kuwa lafiya lau take yawo cikin gari, sai an hau hanyar Zariya an taka ta, ko an fara hawan tudun Jos da kaya, allura ta kama tafiya sama. Nan iska ta wadata, ruwan ne ba ya zagayawa yadda ya kamata. Hanyoyin cikin lagireto sirara ne ƙwarai. Leƙa gindin butar mai shayi ka ga farin ɓawon da ruwan burtsatse ke bari. Shi ne ke taruwa a waɗannan hanyoyin, ya haɗu da tsatsa, tunda ruwan famfo ba shi da sinadarin hana tsatsa irin na kulan, wato ruwan sanyaya injin da ake sayarwa. Kashe injin, ka zare makulli, ka bari ya ɗan huce, sannan ka shafa fuskar lagireton a hankali. In wani gefe da zafi wani da sanyi, mai sanyin ya toshe. Ta waje ma a duba: ƙurar hunturu, ƙwari da guntun leda sukan cushe tsakanin lagireto da kwandensar esi. In duk wannan lafiya, sai a zargi wata-famfo, famfon da ke zagaya ruwa a injin, wanda tsatsa kan cinye fukafukansa ya riƙa juyawa a banza, ko tiyon ƙasa da ya yi laushi yake tsukewa idan injin ya ɗau wuta.

Akwai mai yi a ko'ina, tsaye da guje. Fara da abin da aka fi rainawa, marfin lagireto. Za ka ga an rubuta 0.9 ko 1.1 a kansa. Ruwa na tafasa ne a digiri 100, amma matsin da marfin nan ke riƙewa kan kai shi wajen 120 kafin ya tafasa. Robarsa na tsagewa ruwa zai riƙa tafasa da wuri, yana amai ta robar ajiya, kullum kana ƙari ba ka ga inda yake zuba ba. In kuwa da safe ka buɗe, ka ta da injin, ka ga kumfa na ɓulɓulowa ba tsayawa, ko baƙin mai ya koma kalar shayi da madara, gaskit ɗin kan silinda ya ƙone. Wannan ba fanka ba lagireto, aiki ne babba.

Wani zai ce maka a cire tamostat, 'yar ƙofar da ke tare ruwa daga lagireto har injin ya ɗumama, wai na ƙasar sanyi ne. Ban yarda ba. A injinan Toyota da yawa yana buɗewa ne a kusan digiri 82, shi ke riƙe injin a zafin da aka ƙera shi ya yi aiki. Cire shi, injin ya daɗe bai ɗumama ba, kwamfutar mota ta yi ta ƙara masa fetur. In tamostat ya maƙale a rufe za ka sani, domin cikin 'yan mintoci allura za ta kai ja, tiyo ɗaya ba ya taɓuwa ɗayan kuwa da sauran sanyi. Sai a sa sabo.

Marfin lagireto dai kada ka kuskura ka buɗe shi da zafi, ko da tsumma, don tafasasshen ruwa ne zai yi tsiri ya same ka a fuska. Gobe da safe yi gwajin esi ɗin a ƙofar gida, sannan ka faɗa mana inda allurar ke hawa.