Katin netwok mai tambarin Dell ko HP da na asali: wanne ya cancanci kuɗinka a Computer Village?

Da yawa daga cikin katunan netwok na saba (babbar kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima) da ke shagunan titin Otigba da kewaye, a Computer Village ta Ikeja, tokumbo ne da aka ciro daga tsofaffin sabobin Dell, HP, IBM da Lenovo. Idan mai shago ya ce maka "Alhaji, wannan Intel ne zalla", bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Cip ɗin da ke ƙarƙashin ƙarfen sanyaya na Intel ne. HP 560SFP+ yana ɗauke da cip 82599, wanda ke kan Intel X520-DA2. HP 366T kuma I350 ne mai ƙofa huɗu. 562SFP+ shi ne X710. Sai dai a lura da 331T, lambarsa ta yi kama da ta 'yan'uwansa amma Broadcom ne, haka ma 530SFP+.

Hukuncinmu a taƙaice: direba yana bin cip, famweya kuwa tana bin tambari. Direba ita ce manhajar da kwamfuta ke sarrafa kati da ita. Famweya kuwa ita ce manhajar da ke kwance a jikin katin kansa, kuma a nan ne rigimar take.

Ta fannin direba, babu abin ɗaga hankali. A Linux da Proxmox, igb ne ke tuƙa I350, ixgbe na X520 da X540, i40e na X710, kuma ba ruwansu da ko Dell ne ya manna takardarsa a kai. pfSense da OPNsense ma haka. Windows ne kan yi gardama wani lokaci, domin yana duba cikakkiyar lambar shaidar kati kafin ya karɓi direba. Don sanin abin da ke hannunka, buga lspci -nnk a Linux, ko ka buɗe Device Manager ka duba Hardware Ids. Lambar 8086 ta Intel ce, 14e4 Broadcom, 15b3 Mellanox. A layin SUBSYS na Windows, haruffa huɗu na ƙarshe ne ke nuna wanda ya sa aka ƙera masa katin: 1028 Dell, 103c HP, 1590 HPE, 17aa Lenovo, 1014 IBM, 1137 Cisco. Wasu katunan Dell kan nuna 8086 a wannan gurbin ma, saboda haka a juya katin a duba takardar da ke bayansa. Na Dell na ɗauke da lambar DP/N, na HP kuma lambar kayan gyara.

I350 da X520 tsofaffin hannu ne, famweyarsu ba ta da wani nauyi a aikin yau da kullum. Kati zai shekara da shekaru yana aiki ba a taɓa sabunta shi ba. A kan waɗannan biyun, mai tambarin Dell ko HP ya fi ma kwanciyar hankali. Dalili kuwa jabun I350-T4 ya cika kasuwannin duniya, kuma masu yin jabun sun fi kwaikwayon na Intel, wanda ke zuwa fes a kwali kamar sabo. Katin da ya sha ƙura a cikin saba, da takardar Dell da ta ɗan dafe, da wuya ya zama jabu. Ɗauki I350 ɗin ka duba baƙaƙen akwatunan nan da ke bayan ƙofofin waya: a na gaskiya, sunan Delta a sassaƙe yake, za ka ji shi da farce, a jabu kuwa yawanci fenti ne aka buga a sama.

X710 ne ke sa mu ja wa mai saye kunne. Wannan kati ya dogara ƙwarai da famweyarsa, kuma direban i40e kan yi ƙorafi a dmesg, rahoton saƙonnin Linux, in ya tarar ta tsufa ko ta fi shi sabunta. Sabuntawar ba ado ba ce, gyare-gyaren matsaloli da dama a can suke. To amma manhajar Intel ta sabuntawa, nvmupdate64e, tana gwada lambar famweyar da ke kan kati da jerin da ke cikin fayil ɗinta. In katin na Dell ne ko HPE, ba za ta same shi a jerin ba, sai ta wuce shi ta ce babu sabuntawa. Dole ka nemi kunshin Dell, ko Service Pack for ProLiant na HPE, su kuma an gina su ne don su gudana a kan sabar kamfaninsu. Wanda ya sa X710 na Dell a kwamfutar da ya harhaɗa da kansa ya shiga tsaka mai wuya: Intel ba ta san da shi ba, kunshin Dell kuma na iya ƙin tashi. Mafita mai tsafta ita ce a ari PowerEdge, wato sabar Dell, na sa'a guda, a sabunta katin a ciki, a cire. Masu gyara fayil ɗin nvmupdate.cfg don tilasta wa kati famweyar Intel suna nan, wani lokaci su ci nasara, wani lokaci katin ya mutu murus. Kuma duk wanda zai yi fulashin, wato rubuta sabuwar famweya a kati, a Legas ya jona na'urar a UPS ko inbata tukuna. Ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubutu ta isa ta kashe kati. Bayan an gama, a zare wayar wuta gaba ɗaya na ɗan lokaci, sake kunnawa kawai ba ya wadatarwa.

Sai batun modul ɗin SFP+, ɗan ƙarfen da ake cusawa a ƙofar kati don jona wayar faiba. X520 yakan ƙi modul ɗin da ba a yi masa lambar Intel ba, har ƙofar ta ɓace daga jerin ƙofofi kamar babu kati. Maganinsa layi ɗaya ne: a rubuta options ixgbe allow_unsupported_sfp=1 a fayil cikin /etc/modprobe.d, a sabunta initramfs, a sake kunnawa. A pfSense kuwa hw.ix.unsupported_sfp=1 ake sawa. X710 ba shi da wannan ƙofar baya, domin makullin na cikin famweya ne, kuma jerin modul ɗin da na kamfani ke karɓa kan bambanta da na Intel. Idan tazarar kati da suwic ba ta wuce mita uku zuwa biyar ba, wayar DAC ta tagulla ta fi sauƙin kai da sauƙin kuɗi, kuma ba ta cika gardama ba.

Mellanox, wadda NVIDIA ta kammala saye a 2020, tana tsakiya a wannan rigima ta famweya. Katunanta ConnectX-3 da ConnectX-4 ba su cika zaɓen modul ba, kuma kowane kati na da lambar PSID, mai nuna famweyar da ta dace da shi: MT_ a farko na asali ne, DEL na Dell, HP_ na HP. Manhajar mstflint za ta ƙi rubuta famweyar asali a kan na kamfani sai an ƙara -allow_psid_change. A nan canjin ya fi yiwuwa, da sharaɗin a fara kwafe tsohuwar famweyar a ajiye, a rubuta lambobin MAC a takarda, sannan a tabbatar samfurin ya yi daidai harafi da harafi. MCX312A da MCX312B ba abu ɗaya ba ne. Mai shirin VMware ya sani ESXi 8 ta daina tallafa wa ConnectX-3.

Akwai kuma abin da ba direba ba, ba famweya ba, amma ake ɗora musu laifi. Wasu katunan kamfani in an sa su a madabod na gida, kwamfuta ta ƙi tashi ko rabin RAM ya ɓace. Layin SMBus na katin, ƙaramin layin sadarwa tsakanin sassan kwamfuta, shi ne ke karo da na madabod. Ɗan siririn salatif a kan haƙora na B5 da B6 na gindin katin yana kashe maganar. Akasin haka, kati na asali a cikin PowerEdge R730 ko ProLiant ta HP kan sa fankoki su yi ta kururuwa, saboda iDRAC ko iLO, masu kula da lafiyar sabar Dell da ta HP, ba su gane shi ba, balle su san zafinsa. A ƙaramin ofis a Agege ko Idi-Araba inda saba ke ɗaki ɗaya da ma'aikata, wannan ƙara ba ƙaramin abu ba ne, ga ƙarin lodi a kan inbata. A cikin sabar kamfani, katin kamfanin ya fi dacewa, nesa ba kusa ba.

Kada arha ta ja ka ga FlexibleLOM na HP ko rNDC na Dell, katunan da aka yi don ramin musamman na sabobinsu. Na farkon ya yi kama da PCIe a ido, amma tsarin haƙoransa daban ne, ba ya aiki a ramin kwamfuta na yau da kullum. A duba ƙarfen ɗaurewa ma, dogo ne ko gajere, domin da yawa na zuwa da gajere. Katunan 10G an yi su ne don iskar saba. A akwatin tebur, da zafin Legas, a ɗaura musu fanka mai milimita 40, musamman X540-T2 da ke zafi sosai.

Don haka I350 da X520, sayi mai tambarin kamfani ba tare da fargaba ba. X710, sayi wanda ya dace da sabarka, in kuma ba sabar kamfani gare ka ba, nemi na Intel ko ka koma ConnectX-4. Kafin ka biya, sa mai shago ya jona katin a gabanka, ka buga ethtool -i ka ga direba da famweya, ka gwada kowace ƙofa da modul ko wayar da za ka yi aiki da ita, sannan a rubuta kwanakin garanti a kan rasit.