Untrunc: manhajar ceto bidiyon duron da ya ƙi buɗewa

Masu ɗaukar bidiyon biki da hawan Sallah a Sakkwato sun san wannan ciwon kai: duron, wato ɗan jirgin ɗaukar hoto mara matuƙi, ya sauka lafiya, fayil yana nan a katin memori da nauyinsa, gigabait biyu ko uku, amma kwamfuta ta ce ba ta san zancen ba. Untrunc manhaja ce ta kyauta, ana samunta a shafin intanet na GitHub, kuma wannan cuta kaɗai take magani. A kanta ta cancanci yabo, amma kada a ɗora mata abin da ba nata ba.

Fayil ɗin MP4 kashi biyu ne. Akwai hotunan kansu, sannan akwai wani sashe da ake kira moov, wanda yake kamar fihirisar littafi: shi ke nuna inda kowane hoto yake da tsawon lokacinsa. Duron ba ya rubuta wannan sashe sai an danna maɓallin tsayar da ɗauka. Idan jirgin ya bugi reshen dogon yaro batir ya fice, ko aka kashe shi yana cikin ɗauka, hotunan na nan amma babu fihirisa. Untrunc tana koyon tsarin daga wani lafiyayyen bidiyo, ta sake gina wa gurgun nasa.

Da farko a kwafe fayil ɗin zuwa kwamfuta, kada a yi gyara a kan katin. Sannan a mayar da katin cikin duron a kunna shi na kamar minti ɗaya, don jiragen kamfanin DJI kan rufe fayil ɗin da kansu wani lokaci. In hakan bai yi ba, a buɗe Untrunc, a ba ta lafiyayyen bidiyon a gurbin farko, lalataccen a na biyu. Za ta fitar da sabon fayil mai "fixed" a sunansa, ba ta taɓa na asali ba.

A wajen zaɓen lafiyayyen bidiyon ne aka fi yin tuntuɓe. Dole ya fito daga duron iri ɗaya da saiti iri ɗaya: in lalataccen 4K ne mai hoto 30 a daƙiƙa da tsarin matse bidiyo na H.265, na koyin ma haka. Aka ba ta na H.264 ko na 1080, sai ta ƙi aiki ko ta fito da hoto mai dabbare-dabbare. Shi ya sa yana da kyau a ajiye ɗan bidiyo na daƙiƙa goma na kowane saiti. Daƙiƙoƙin ƙarshe kuwa sukan tafi, domin ba su kai ga katin ba tun farko. Matsalar sauti da hoto su saɓa, wadda ke damun masu kyamarar hannu, ba ta cika tasowa a nan ba tunda yawancin duron ba sa ɗaukar sauti.

Fuskarta ba kwalliya, kuma in ta gaza ba ta yi maka bayanin da za ka gane. Manhajar gyaran bidiyo ta Wondershare Repairit ta fi ta kyan gani, sai dai ita ma bidiyon koyin take nema a babban gyara, ga biya da dala.

Inda Untrunc ba ta da ta cewa shi ne jabun kati. Katin da aka rubuta wa 128GB alhali cikinsa bai kai ba, yakan nuna sunayen fayiloli daidai amma hotunan ba su taɓa zama a ciki ba, babu abin da za a ceto. A gwada kowane sabon kati da manhajar H2testw kafin ya shiga jirgi. Fayil ɗin da aka goge kuma aikin manhajar PhotoRec ne, da sharaɗin ba a sake ɗaukar komai a katin ba.

Saurin katin ma abin dubawa ne. DJI Mini 2 na rubuta megabit 100 a daƙiƙa, wato megabait 12.5, alhali kati mai alamar Class 10 megabait 10 kawai ya yi alkawari. A nemi mai alamar U3 ko V30, a kuma yi masa fomat a cikin duron, ba a kwamfuta ba.

Sai zafi. DJI ta ƙayyade wa Mini 2 digiri 40, ranar Afrilu a Sakkwato kuwa takan zarce haka. Ƙananan jiragen nan iskar tashi na taimakawa wajen sanyaya su, don haka barin su a kunne a ƙasa ana jiran fitowar amarya hatsari ne. A tsayar da ɗauka kafin sauka, a jira 'yan daƙiƙu kafin a kashe. A kuma bar ajiyar wucin gadi ta DJI Fly, manhajar wayar da ake tuƙa jirgin da ita, a kunne: kwafin da take bari a waya bai kai na kati kyau ba, amma ya isa a tura wa dangi a WhatsApp.