Toyota Corolla 2003 zuwa 2008: ta dace da mai sayen motar farko?

Tun da aka janye tallafin mai a Mayun 2023, matashin da ya tara 'yan kuɗinsa zai sayi mota yana fara tambaya ne a kan shan mai, sannan kayan gyara. Ta waɗannan fuskoki biyu da wuya a kayar da Corolla ƙirar 2003 zuwa 2008, wadda aka fi shigowa da ita daga Amurka da Kanada. Injinta mai lita 1.8 ne, silinda huɗu, tankinta na cin lita 50, kuma babu garin da za ka shiga a Arewa ka rasa bakaniken da ya san cikinta. Sarƙa ce ke juya taimin ɗinta, ba bel ba, don haka an huta da fargabar tsinkewa a hanya.

Sai dai ko 'yar autarsu ta haura shekara 15. Sunan Corolla ya sa dillalai suna tsawwala kuɗi ko da motar ta gaji, kuma a nan sabon shiga yake faɗawa.

Ka je dubawa da sassafe, injin na sanyi, da bakaniken da kai ka ɗauko, ba na mai sayarwa ba. A tayar da ita kana tsaye bayan salansa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi na nufin tana ƙona baƙin mai, wataƙila ringin fistin sun gaji. An fi samun wannan a na farkon shekarun, kafin 2005. Buɗe murfin baƙin mai: in ka ga wani abu fari-fari kamar madara, ruwa ya shiga injin, ka haƙura da ita kawai. Jiƙewar mai a bayan injin ta gefen fasinja kuwa galibi robar tenshina ce, wato abin da ke ɗame sarƙar taimin, ƙaramin aiki ne, amma hujja ce ta neman ragi.

Giya ita ce mai cin kuɗi. Otomatik ɗinta mai hawa huɗu ce, tana da juriya, matuƙar mai nau'in T-IV ake zuba mata. Zaro sandar awon man giyar: ja mai haske lafiya, baƙi mai ƙaurin ƙuna matsala. A hau titi da ita ta yi zafi sosai, a ji ko tana fizga ko jinkirin canja giya.

Kada ka yarda da abin da mita ta nuna. Na Amurka da mil take ƙirga, mil 150,000 kuwa kusan kilomita 240,000 ne, ga shi ana mayar da mitar baya. Wani abin ban dariya, mitar wannan ƙirar tana tsayawa cak a 299,999. Cinyewar robar fedar birki da sitiyari sun fi ta faɗin gaskiya. Lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, dole ta zo daidai a ƙasan gilashin gaba, a jikin ƙofar direba, da kan takardu. Da ita ake duba tarihin motar a intanet: haɗari, ambaliya, da ko an yi gyaran da Toyota ta kira a yi kyauta, na jakar iska ta kamfanin Takata da na kwamfutar injin a ƙirar 2005 zuwa 2008.

A ɗaga ta a leƙa ƙasa. Wadda ta fito daga yankin ƙanƙara takan zo da tsatsa saboda gishirin da ake zuba wa titi. A duba ko an sace indomin salansa, wato matacin hayaƙin da ke cikinta, a jona na'urar bincike, a kuma tabbata fitilar gargaɗin injin tana kamawa in an murza makulli, don wasu cire ƙwan suke yi.

Tsakanin nau'o'inta na CE (mafi ƙarancin ado) da LE da S injin ɗaya ne, bambancin ado ne da 'yan kayan jin daɗi. Lafiyayyar CE ta fi LE mai ciwo.

Takardun kwastam na asali su ne gaba da komai, musamman ga wadda ta biyo ta Kwatano, domin tun Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. Inshorar dole ta ƙaramar mota naira 15,000 ce tun 2023.

Kada ka ƙarar da kuɗinka kaf a ciniki. Makon farko za ka juye baƙin mai, kusan lita 4 na 5W-30 da sabuwar filta, ka duba filogi huɗu da birki da shekarar taya, wadda ke cikin lambobi huɗu da ke gefenta, biyun ƙarshe su ne shekarar. In bakanike ya ce zai cire tamostat ya haɗa fanka kai tsaye saboda zafin ƙasarmu, ka ƙi: injin ba zai kai zafin da aka tsara masa ba, sai shan mai ya ƙaru. Lagireto kuma ruwansa na musamman ake zubawa, ruwan rijiya tsatsa yake kawowa.