Motar kamfani ko motar lis: ga abin da na gani da idona

Ƙanwata, barkanku da samun lasisin CDL na tuƙin manyan motocin kaya, ke da maigidanki, Allah Ya sa albarka. Kin ce idan kun gama da masu koyarwa za a ba ku zaɓi, ko ku ja motar kamfani ana biyan ku da mil, ko ku karɓi motar lis kuna biya duk mako har ta zama taku. Ku ɗauki motar kamfani. Ni da maigidana mun yi duka biyun a nan Amurka, kuma ɗaya ce kawai nake tunawa ba tare da gabana ya faɗi ba.

Ki fara sanin darajarku. Doka ba ta barin direba ya wuce awa 11 yana tuƙi, a cikin awa 14 daga lokacin da ya fara aiki, sannan dole ya huta awa 10. Tun Disambar 2017 na'urar ELD, wadda ke haɗe da injin mota tana ƙirga awannin tuƙi, ita ce ke rubuta wannan, ba littafin hannu ba, saboda haka babu wayo. Direba ɗaya sai ya faka motarsa ta kwana. Ku kuwa ɗaya na kan sitiyari, ɗaya na bayan labule yana barci, mota ba ta tsayawa sai shan mai da salla da canjin hannu. Mil 5,000 a mako ba abin mamaki ba ne a wurin mutum biyu. Shi ya sa kamfanoni ke rububin mata da miji: ana ba ku lodi mai nisa, kuɗin kuma aljihu ɗaya yake shiga. Su ne ke neman ku, ba ku da dalilin gaggawa.

Hunturunmu na farko a motar kamfani, muna kan babbar hanyar I-80 a jihar Wayomin, iska ta taso da dusar ƙanƙara har aka rufe hanya tsakanin Rawlins da Laramie. Ni ce a kan sitiyari, ina jin iska tana tura bodin tirela gefe, hannuna ya jiƙe da gumi duk da sanyin. Na samu wuri a tashar manyan motoci na faka, na kira mai raba mana lodi, murya na rawa. Cewa ya yi mu zauna har a buɗe hanya, kaya sa jira. Kwana biyu muka yi a wurin. Na fito da miyar kukar da na daskarar daga gida, na ɗumama, muka tuƙa tuwon semo a 'yar tukunyar lantarki, tagogi sun yi fari fat. Muka yi sallolinmu a kan lokaci, muka yi barcin da ba mu taɓa yi ba tun da muka fara, domin gadon da ba ya girgiza wata ni'ima ce da sai mai tuƙin mutum biyu ya san ta. Man da ya ƙone wajen ɗumama mu na kamfani ne, inshora tasu ce, har ɗan kuɗin jira suka sa mana a albashi. Babu abin da ya hana ni barci.

Lis kuwa, alherinta ɗaya zan iya faɗa: ba a nemi mu ajiye komai ba kafin a miƙo mana mukulli, kuma makon da lodi ya yi kyau mukan ga kuɗi.

Sauran makonnin fa? Duk wanda ya san yadda ake ba da adaidaita sahu a gida, kana aiki kana kai balas, ya san tsarin, sai dai a nan wanda yake bin ka bashin mota shi ne kuma mai ba ka lodi. Ya rage miki lodi, kuɗin mako bai ragu ba. Ki yi lissafin mai kawai: mota mai cin galan ɗaya a mil 7, idan ta yi mil 5,000, ta sha galan sama da 700, kuma daga aljihunku. Ga inshora, ga taya, ga kuɗin ajiya na gyara da suke cirewa, ga haraji da babu mai cire muku, ku za ku tara ku biya. Motar mutum biyu kuma tana tsufa ninki biyu, garanti ya ƙare tun kuna ganin ta sabuwa. Tamu matatar hayaƙi ce ta lalace, ta yi sama da mako a gareji, muna otal da kuɗinmu. Takardar albashin makon da ta zo, mu ake bi. Na ga maigidana ya zauna a bakin gado yana kallon wayar, bai ce uffan ba. Muka mayar da motar ba mu fita da ko sukurun taya ba.

Ba ki tambaya ba, amma ki kiyayi masu ɗaukar direbobi da romon baka. Za su nuna miki takardar mako mafi kyau ta wani direba, jimillar kuɗin kafin a cire komai, su ce wannan ne abin da ake samu. Ki ce a nuna miki abin da ya rage bayan an cire, na wata uku a jere. Ki nemi kwantiragin ki kai gida ki karanta. Wanda ya ce sai dai ki sa hannu yau, ki tashi ki bar masa ofishinsa. Ki duba ko akwai wani dunƙulallen kuɗi a ƙarshe kafin mota ta zama taku, da kuma ko za ku iya tafiya da ita wani kamfani. Abin ya kai kwamitin da gwamnatin tarayyar Amurka ta kafa kan wannan harka ya ba da shawara a farkon 2025 cewa a haramta irin wannan lis ɗin gaba ɗaya. Har da 'yan uwanmu ake haɗa baki, domin ana ba su lada kan duk direban da suka kawo. Wanda ya kai mu, tare muke sallar Juma'a da shi.

Yanzu dai ku gama koyo. Yawancin kamfanoni raba ku za su yi na wasu makonni, kowa da mai koyar da shi, ki nemi a haɗa ki da mace tun kafin a tsara. Ki dage da koyon ribas, kada ki bar wa maigida shi kaɗai, domin ranar da za ku isa wurin sauke kaya awanninsa sun ƙare, ke za ki saka tirelar a ƙofa. Ku yi shekara biyu a motar kamfani ba tare da haɗari ba, kuna cin albashin mutum ɗaya kuna ajiye na ɗayan. Idan har lokacin kuna son taku, ku je banki da kuɗinku a hannu, ku tafi da bakanikenku ya duba injin kafin ku biya.