Sashen masu kuturta a wani asibitin Katsina: abin da na gani cikin wata 14

Kawuna tela ne, kuma shekara biyu ya yi yana shafa man kemis a kan wasu tabbuna da suka fito masa a baya da damtse, domin kowa a gida ya ɗauka kyasfi ne. Ranar da dutsen guga ya ƙona masa gefen hannu bai sani ba sai da yaron shagonsa ya nuna masa, ranar ce na ɗauke shi zuwa sashen fata na wani asibitin gwamnati a cikin garin Katsina, inda ake duba masu kuturta da masu tarin fuka a ɗakuna biyu da ke maƙwabtaka da juna. Ba zan ambaci sunan asibitin ba, saboda Kawu har yanzu yana da abokan ciniki, kuma mun san yadda mutanenmu suke da wannan ciwo.

Ranar farko ba ta ɗauke mu lokaci ba. Malamin asibitin ya sa Kawu ya rufe ido, ya riƙa taɓa tabbunan da silin auduga, ya ƙirga guda tara waɗanda ba su jin taɓi, ya lallatsa jijiyar gwiwar hannu, sannan ya ce kuturta ce, kuma tun da tabon ya haura biyar magani zai kai wata 12. Ba mu biya ko sisi ba, don maganin kyauta ne a duniya baki ɗaya tun 1995 ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta amince da haɗa rifamfisin da dafson da kilofazimin tun 1981. Kowane wata ana ba da kati ɗaya, a haɗiye na ranar farko a gaban ma'aikaci. An gaya mana fitsari zai yi ja, fata za ta yi duhu, kada mu tsorata. Abin da ba a gaya mana ba shi ne wanda ya kusa raba Kawu da sana'arsa, kuma shi ne babban laifin da nake gani ga wannan sashe.

A wata na uku, cikin kwana huɗu kacal, tabbunan da suke a kwance suka taso, suka yi ja suna sheƙi kamar an watsa masa ruwan zafi. Gwiwar hannunsa ta dama ta riƙa yi masa zugi har ba ya barci, ƙaramin yatsa da na kusa da shi suka yi sanyi, almakashi ya fara suɓuce masa. A gida aka rabu biyu: masu cewa maganin asibiti ne ya tayar da ciwon, da masu cewa akwai hannun mutum a ciki. Kawu ya ajiye katin maganin kwana biyar, kuma ban ga laifinsa ba, don duk wanda ya sha magani ya ga jikinsa ya ƙara lalacewa abin da zai yi ke nan.

Da muka koma, ba tare da ranarmu ta yi ba, malamin bai yi faɗa ba. Ya ce, “Baba, ba maganin ne ya ƙi ku ba. Maganin ya kashe ƙwayar cutar, sai jikinku ya farka ya ga gawarta, ya hau ta da duka, kuma a cikin jijiya take kwance.” Su ma'aikatan riyakshin suke kiran abin. Wannan bayani na minti goma shi ne abu mafi daraja da muka samu a wurin, kuma da na ƙara bibiyar lamarin sai na ga bai rage komai ba.

Ƙwayar kuturta, wadda likitan ƙasar Norwe Gerhard Armauer Hansen ya gano a 1873, raggon abu ce. Tana iya shekara biyar, wani lokaci har 20, kafin alamarta ta bayyana, kuma kusan kashi 95 cikin 100 na mutane garkuwar jikinsu tana gamawa da ita ba su ma sani ba. A cikin waɗanda suka kamu, ƙarfin garkuwar ne ke tsara kamannin ciwon. Mai garkuwa mai ƙarfi yakan fito da tabo ɗaya ko biyu da ƙwayar cuta kaɗan, wanda fararen ƙwayoyin jininsa ba su kula ta kuwa sai ta cika masa fata, sannan akwai na tsakiya irin Kawu, waɗanda garkuwarsu ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Riyakshin iri biyu ne, kuma na tsakiyar nan su ne suka fi faɗawa na farko, wanda yake faruwa idan fararen ƙwayoyin jini suka yi ƙarfi farat ɗaya suka taru a duk inda ɓurɓushin ƙwayar yake. A fata kumburin yana da wurin buɗewa, amma jijiyar ji da motsi tana cikin kube ne mai tsauri, a gwiwar hannu kuma ta ratsa ta wani ɗan kwari jikin ƙashi, saboda haka in ta kumbura sai ta shaƙe kanta. Daga nan ne yatsu ke lanƙwashewa, ƙafa ta riƙa ja, fatar ido ta kasa rufuwa. Dungulmin da muke gani a bakin kasuwa ba ƙwayar cutar ce ta cinye yatsun ba, ƙuna ce da ƙaya da gyambon da mutum ba ya ji, shekara da shekaru.

A nan ne na ga ƙwarewar sashen. Malamin ya ciro biro daga aljihu, ya sa Kawu ya juya fuska, ya riƙa ɗora bakin biron a tafin hannu wuri-wuri, Kawu yana nuna inda ya ji. A gindin ƙaramin yatsa ya ɗora har sau uku, Kawu yana ta jira a fara. Ya sa shi ya ware ƙaramin yatsan ya riƙe, ya tura shi da nasa yatsa, yatsan Kawu ya koma ba gardama. Ya duba ɗaga babban yatsa, da ɗaga tafin ƙafa, da runtse ido, ya zana duk abin da ya samu a hoton hannu da ƙafa da ke cikin fayil. Tun daga ranar kowane zuwa sai an maimaita, don a cewarsa jijiyar da ba ta kai wata shida da lalacewa ba ana sa ran ta dawo, wadda ta wuce haka kuwa da wuya.

Ya ce a koma kan katin maganin a ranar, ba a tsayar da shi saboda riyakshin, sannan ya ɗora Kawu a kan firednisolon, miligiram 40 kowace safiya bayan karin kumallo, ana ragewa a hankali har mako 20. Kafin ya ba shi ya auna hawan jini da suga, ya tambaye shi tari da gyambon ciki, ya ba shi maganin tsutsar ciki, domin wannan magani aikinsa danne garkuwar jiki ne, kuma duk ciwon da ke laɓe yana iya samun ƙofa. Cikin mako guda zugin ya kwanta. Sai dai sau biyu muka zo aka ce firednisolon ya ƙare, aka rubuta mana mu saya a waje. Kuɗin ba shi ne damuwata ba. Magani ne da ba a yanke shi kwatsam, kuma mutumin da ya taho daga ƙauye da kuɗin mota kawai zai koma gida ne hannu rabbana. Wanda kuma ya gane sunan maganin ya ji daɗinsa, zai ci gaba da saya a kemis ba lissafi har fuska ta kumbura suga ya kama shi. Sashen da ya san haka bai kamata ya bar akwatinsa ya yi wayam ba.

Riyakshin na biyu ban san shi ba sai a kan bencin jira, ƙarƙashin darbejiya, inda na sha haɗuwa da wata baiwar Allah da ɗanta ke kawowa. Ta gama maganinta tun bara, amma duk bayan ɗan lokaci sai zazzaɓi ya rufe ta, wasu kullutai masu zafi su feso mata a hannu da cinya da fuska, gaɓoɓi su riƙe, kaluluwa ta fito. Wannan na masu ƙwayar cuta da yawa ne. Sinadaran kariya da jiki ke ƙerawa suna manne wa ɓurɓushin ƙwayar su dunƙule, dunƙulen su maƙale a fata da ƙananan hanyoyin jini, fararen ƙwayoyin jini su yi musu caa, kuma da yake jiki yana ɗaukar shekaru kafin ya share gawar ƙwayar, abin yana tafiya yana dawowa. Yana taɓa ido, a maza kuma yana kumbura 'ya'yan maraina. Talidomayid, wanda likita Jacob Sheskin ya gano amfaninsa ga wannan ciwo a Birnin Ƙudus a 1964, yana kwantar da shi da sauri, amma yana nakasa jariri a ciki, don haka ita da firednisolon da ƙarin kilofazimin ake lallaɓa ta. Ranar da idonta ya yi ja tana gudun haske, sashen ba shi da abin duba cikin ido, takarda aka ba ta zuwa wani asibiti. Na yaba da ba a tsaya ɗiga mata magani da ka ba, amma ya kamata a ce akwai ranar da likitan ido ke zuwa.

Sauran abubuwan ba su da yawa. Jira ba ya wuce awa ɗaya in an yi sammako, ma'aikatan suna gaisawa da majinyaci hannu da hannu, abin da wasu danginmu suka daina yi, amma ana kiran suna da ƙarfi a bencin da kowa ke wucewa, labulen ɗakin kuma ba ya rufe ƙofar duka.

Duk wanda ya tambaye ni zan ce ya kai nasa, da sharaɗin ya tambaya tun ranar farko me zai yi in tabo ya taso, ko jijiya ta yi zafi, ko yatsa ya yi sanyi, ko ido ya yi ja, kuma ya dawo a ranar ba sai ranar kati ba. Kawu ya gama wata 12 ɗinsa, duhun fatar ya fara washewa, ƙaramin yatsan yana riƙe biron malamin, ko da yake gefen tafin har yanzu ba ya jin zafi sosai. An ce mu ci gaba da zuwa gwajin jijiya, don riyakshin kan zo ko bayan an gama magani. Ya koma kan keke, guga kuwa yaron shago ke yi.