Akwatin koyon saƙar leshi da hannu: kayan aiki masu inganci, zane babu sunan mai shi

Wata bakwai ke nan da na sayi akwatin koyon saƙar leshi daga wani ƙaramin shago da ke sayar da kayansa ta intanet a nan Ingila, kuma na jinkirta rubuta ra'ayina a kansa da gangan, domin kayan sana'ar hannu ba a gane ingancinsu ranar da aka kwance ƙunshi, sai an yi ta aiki da su har hannu ya saba. Ba zan ambaci sunan shagon ba, saboda akwai ƙorafin da zan yi, kuma masu shi sun fara gyara abin da na yi ƙorafi a kai.

Ya kamata in fara raba wannan saƙa da leshin da muka sani a gida. Leshin da ake ɗinka wa amarya da uwar biki a Kano ko Kaduna yadi ne da inji ya yi wa aikin ado, kuma tun shekarun 1960 masana'antun garin Lustenau na ƙasar Ostiriya suka shahara da aika shi Najeriya. Wanda nake magana a kansa ba shi da yadi a ƙarƙashinsa ko kaɗan: zare ne zalla, ana naɗa shi a kan 'yan sanduna irin kwarkwaron masaƙa, a rataya su bibbiyu a kan matashi mai tauri, a riƙa gitta su ana murɗawa, ana kafa fil a kowace mahaɗa har ado ya fito. Sana'ar ta bunƙasa ne a ƙarni na 16 a Italiya da yankin Filandas, wanda mafi yawansa ke cikin Beljiyam a yau. Garin Nottingham da nake zaune yana da hannu a durƙushewarta, domin a nan ne John Levers ya ƙera injinsa a 1813, 'yan shekaru bayan John Heathcoat ya fito da injin saƙa raga, kuma daga lokacin leshin inji ya riƙa karya farashin na hannu har matan karkara suka daina samun abin kai wa bakin salati da shi. Yau galibin masu yin ta don sha'awa suke yi, ni ma haka.

Na biya fam 48 har da kuɗin aikowa, akwatin ya iso cikin kwana huɗu, an shirya shi da kula. A ciki akwai matashi zagayayye mai faɗin santimita 45, da sanduna 24, wato tagwaye 12, da ƙullin zaren auduga biyu, da gwangwanin fil, da kwali mai kauri da ake kwafar zane a kai a huda masa ramukan da za a kafa fil, da tsinken huda kwalin, da ƙyallen rufe aiki, sai kuma ɗan littafin koyarwa mai ɗauke da zane shida.

Sandunan su ne abin da ya fi burge ni. Irin na tsakiyar Ingila ne, sirara, an goge su sumul ta yadda zare ba ya maƙalewa, kuma wuyansu yana da ɗan kai biyu da ke riƙe maɗaurin zare ba tare da ya zame ba. A gindin kowace akwai zoben duwatsun ado da aka jera a waya, kuma ba don ƙawa kawai aka sa shi ba: nauyinsa ne ke miƙar da zare, shi ne kuma ke hana sandar mirginawa a kan matashi, wadda idan ta mirgina takan warware murɗin zaren ko ta ƙara masa har ya tsinke. Shaguna da yawa sukan aiko da sanduna tsirara su bar wa mai koyo wahalar jera duwatsun, amma wannan ya aiko da su a shirye, kuma cikin 24 guda ɗaya ce kawai wayarta ta ɓalle, na gyara ta da kaina. Matashin kuwa na soso ne mai tauri, ba shi da nauyi, yana riƙe fil da kyau a farko, sai dai bayan wata biyar tsakiyarsa ta fara laushi saboda yawan suka a wuri guda. Wannan ba laifin shagon ba ne, haka irin wannan matashi yake, kuma wadda ta tabbatar za ta ɗore a sana'ar za ta buƙaci na ciyawa ko mai gutsattsarin da ake sauya wa wuri. Fil ɗin na tagulla ne, ba ya tsatsa, wanda muhimmin abu ne ga aikin da zai yi makonni a kan matashi. Zaren ya yi kauri daidai da mai koyo, ana ganin hanyar kowane sili.

Koyarwar littafin ma ta yi tsari. Ya fara da gaskiyar da ke kwantar da hankalin duk wanda ya ga tarin sanduna ya tsorata, wato motsi biyu ne kacal a wannan saƙa, kuma sanduna huɗu kawai ake taɓawa a lokaci guda. Gittawa ita ce a ɗora ta biyu a kan ta uku idan an ƙirga daga hagu, murɗawa kuwa a ɗora ta dama a kan ta hagu a kowane tagwaye. Idan aka gitta, aka murɗa, aka sake gittawa, sai a sami saƙa mai kama da ƙyalle. Idan aka tsaya a gittawa da murɗawa kawai, sai a sami mai shara-shara. Littafin ya bi tsarin launuka da aka ƙirƙiro a birnin Bruges, wanda masu saƙa a ƙasashe da dama ke amfani da shi: shunayya na nufin saƙar ƙyalle, kore na nufin rabin saƙa, ja kuma saƙar ƙyalle mai ƙarin murɗi. Da wannan tsari mutum zai iya bin zanen da aka buga da Jamusanci ko Faransanci ko da bai san kalma ɗaya ba. Duk zanen shida na salon Torchon ne, mai kusurwoyi a kan layukan da suka karkata digiri 45, kuma da shi aka saba fara koyo. Alamar littafi ta farko da na kammala, wato siririyar saƙa da ake sa wa tsakanin shafuka don tuna inda aka tsaya da karatu, ta ci mini kusan awa tara, a raba cikin darare huɗu.

A kan zane na biyar ne matsalar ta taso. Wata alamar littafi ce mai ado irin siffar mafici a gefe biyu da ado irin siffar gizo-gizo guda uku a tsakiya, ta fito da kyau ƙwarai, sai na ɗauki hotonta na sa a wani zauren masu saƙa na Facebook, na rubuta cewa aikina ne na wata huɗu da fara koyo. Bayan yabo da ƙarfafa gwiwa, wata dattijuwa ta tambaye ni cikin ladabi ko zanen wane ne. Na amsa mata cewa daga littafin akwatina na samo, babu suna a jiki. Kafin gari ya waye wata ta gane shi: aikin wata malamar saƙa ce da ta yi ritaya, wadda ta zana shi ta buga a ɗan littafinta, kuma har yanzu tana sayar da shi da kanta. Na koma na duba shafin da kyau, sai na ga a ƙasan zanen akwai alamar an datse wani layi kafin a kwafa. Na ji nauyi sosai, domin ba da sanina ba na taya wasu shafe sunan baiwar Allah daga aikinta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wanda bai taɓa sana'ar ba zai iya cewa ai mafici da gizo-gizo tsofaffin adon gargajiya ne, ba mallakar kowa ba. Wannan gaskiya ne, kuma babu mai da'awar mallakarsu. Abin da mai zane ke yi shi ne ta jera su ta yadda kowane tagwayen zare da ya shiga wani sashe zai fita a inda sashe na gaba ke buƙatarsa, ta lissafa yawan sandunan da za a rataya, ta daidaita tazarar ramukan fil da kaurin zare, ta saƙa samfuri, ta ga inda ya cije, ta warware ta sake zanawa. Ramin fil ɗaya da bai zauna daidai ba yana iya barin mai saƙa da zare biyu da ba su da wurin zuwa. Kwalin da aka huda shi ne dukiyar mai zane gaba ɗaya, kuma kwafarsa ba ta ɗaukar minti ɗaya.

Abin da ya sa lamarin ya tsaya mini a rai shi ne tarihin sana'ar cike yake da sunayen da suka ɓace. Ɗaya daga cikin tsofaffin littattafan zanen wannan saƙa an buga shi a birnin Zurich wajen 1561, kuma matar da ta rubuta shi haruffa biyu kawai aka sani na sunanta, R da M. Leshin Honiton da ke jikin rigar auren Sarauniya Biktoriya a 1840 matan ƙauyukan yankin Devon na Ingila ne suka yi watanni suna saƙa shi, amma sunan sarauniya ake tunawa. Mu ma mun san irin wannan a gida, inda mace za ta kwashe makonni tana ɗinkin hula da allura, hular ta isa kasuwa ta yi daraja, ba wanda ya san hannun da ya yi ta. Da yake yanzu rubuta suna a ƙarƙashin hoto ba ya cin ko sisi, ban ga uzurin da shago zai bayar ba. Doka ma ba ta yi shiru ba, domin Yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda Birtaniya da Najeriya duk suna cikinta, ta tanadi haƙƙin a danganta aiki ga mai shi tun gyaran da aka yi mata a 1928, kuma a nan Birtaniya haƙƙin mallakar zane yana ɗorewa har shekara 70 bayan rasuwar mai shi.

Matan zauren ne suka koya mini al'adar da ya kamata littafin ya koya mini tun a shafin farko. Idan za a sa hoton aiki, a rubuta sunan wadda ta zana, da inda aka samo zanen, da sunan wadda ta saƙa, sannan a faɗi irin zaren da yawan sandunan don amfanin wasu. Idan an sauya wani abu a zanen, a ce an ɗan sauya aikin wance, kada a ce sabo ne. Idan zanen tsoho ne da ba a san mai shi ba, a faɗi haka. Kuma kada a sa hoton kwalin da kansa, ko hoton aiki a kan matashi da aka ɗauka kai tsaye daga sama ta yadda ramukan za su fito sarai, saboda wani zai iya buga hoton ya huda nasa kwalin ba tare da ya sayi komai ba. Littafin da ya ɓata shafi guda yana bayanin yadda ake wanke hannu kafin a taɓa zare bai ware layi ɗaya ga wannan ba, alhali ya san masu sayensa sababbin shiga ne, kuma abu na farko da sabon shiga zai yi idan ya gama aiki shi ne ya nuna wa duniya.

Na gyara rubutun da ke ƙarƙashin hotona a ranar, na nemi littafin malamar na saya daga hannunta, na kuma aika mata da saƙon ban haƙuri. Ta amsa da karamci, ta ce ba ta ɗora mini laifi ba, har ta nuna mini inda zan ƙara murɗi ɗaya a gefen maficin domin bakinsa ya tsaya daram, bayanin da ke cikin littafinta amma aka yar da shi wajen kwafa. Wannan ya nuna mini cewa datse sunan ya cuci mai saye ma, domin ya raba ni da mutumin da ya fi kowa sanin zanen.

Shagon kuwa na rubuta musu sau biyu. Saƙon farko bai sami amsa ba. A na biyu, wanda na haɗa da hoton shafin asali kusa da nasu, sun amsa cikin mako guda cewa sun gaji littafin ne daga wanda ya sayar musu da kasuwancin, ba su taɓa bincika asalin zanen ba. Na yarda da su, ko da yake rashin bincike a kan abin da mutum ke sayarwa ba ƙaramin sakaci ba ne. Daga baya sun tuntuɓi malamar sun daidaita da ita, sun kuma sa sunayen masu zane huɗu a shafinsu na intanet. Biyu har yanzu babu suna, kuma wata ƙawata da ta sayi akwatin a watan da ya wuce ta tarar da tsohon littafin ne a ciki, sai wata 'yar takarda da aka cusa mai ɗauke da sunayen.

Wadda ke son fara wannan saƙa za ta sami sanduna da fil da zaren da suka cancanci kuɗinsu a wannan akwati, kuma darussan farko za su kai ta inda take so. Shawarata ita ce kafin ta biya, a wannan shago ko wani, ta tambaya a rubuce ko zanen da ke ciki na wane ne kuma ko an sami izininsa. Zane na shida, wanda yana cikin biyun da ba a gano masu su ba, na huda kwalinsa tun watan jiya amma ban rataya masa zare ba, ina jiran amsar da shagon ya yi alkawarin ba ni. A halin yanzu gefen hankici nake saƙawa daga littafin malamar, mai tagwaye 14, wanda ya sa sai da na ƙaro sanduna huɗu, kuma na rubuta sunanta da shekarar bugu a bayan kwalin kafin in kafa fil na farko.